Yadda na ɗura wa adaka abin da ba nata ba

Ɗan ƙanwata ya zo mini da waya ran nan a Yauri, yana nuna mini wani Ba'amurke da ƙatuwar libarba, ya kayar da barewar ƙasarsu da harbi ɗaya. Ya ce, "Kawu, da irin wannan ka samu da ba ka sha wahalar adaka ba." Na yi dariya, na miƙa masa hannuna na hagu ya ƙirga yatsun. Huɗu da rabi ne.

Bindigar da ya gani .44 Magnum ce, wadda Smith & Wesson da Remington suka fitar a tsakiyar shekarun 1950, bayan wani makiyayi maharbi, Elmer Keith, ya daɗe yana matsa musu lamba. Ku cire ta daga ranku. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu sai da lasisin Sufeto Janar, adaka kuma sai da na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A halin da dazuzzukanmu ke ciki yau, wanda aka tsare da bindiga babu takarda, bayaninsa zai yi tsawo.

Amma abin da Keith ya dage a kai ya shafe mu. Shi harsashi mai nauyi yake so, na darma mai tauri, mai faffaɗan baki, wanda zai karya ƙashi ya ratsa har huhu. Harsashi mai rami a baki yana buɗewa da wuri, ya dace da dabba mai siririyar fata, amma a kan ƙaton nama yakan tsaya a tsoka. Masu ɗura harsashinsu da kansu a can kuwa da sikeli suke auna garin da ke tura harsashin, suna bin littafin masana'anta, su fara daga ƙasa. Ni da tafin hannu nake awo, ina jin ni ne gwani.

Ina saurayi, gani nake ƙara ita ce ƙarfi. Baffana, wanda ya koya mini harbi, yana da ɗan ƙahon da yake auna albarushi da shi, bai taɓa ƙetare shi ba. Ni na raina ƙahon. Wata rana na samu kwanson bindigar zamani guda biyu, na farke su, na juye garin cikinsu a adakata, wai don ta yi nisa. Garin nan ba albarushi ba ne. Ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya ninka na baƙin albarushi, kuma adaka ba a ƙera ta don ta ɗauke shi ba, balle wadda maƙerin ƙauye ya haɗa. Ina jan kunama bututun ya tsage daidai inda hannuna yake. Zabin da na auna suka tashi lafiya lau. Ni aka ɗauko a kan jaki. Kunnena na hagu har yau ƙugi yake yi, musamman da sanyi.

Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya zo dubiya, ya ajiye ƙahon nan a gefen tabarmata, ya tafi.

Ɗaya kuskuren ya fi damuna, don ba ni na ji ciwon ba. Bayan shekaru, na samu mai baki biyu da lasisinta. Na fita neman zabi da fakara, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi, lamba 6. Ku riƙe wannan: a lissafin ƙwayoyin nan, lamba na hawa ƙwaya na ƙanƙancewa, lamba 6 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, manyan kuma su ne irin su BB da AAA. Sai ga gada ta fito bakin fadama, da ɗan nisa. Na san abin da ke cikin bindigar na tsuntsu ne. Kwaɗayi ya ce harba. Ta yi tsalle, ta shige ƙaya da jini a cinya. Na bi sawu har magariba ban same ta ba. Washegari ungulu ne suka nuna mini inda take. Ƙwayoyin ko rabin tsoka ba su ratsa ba, sun dai isa su sa ta kwana tana wahala. Malaminmu ya ce abin harbin da ya kwana ba ka gan shi ba, ba a cinsa. Na kashe rai, ban ci nama ba.

Tun daga ranar, kafin in bar gida nake yanke abin da na fita nema, in ɗauki harsashinsa kaɗai. In wani abu ya gitta wanda ya fi ƙarfin abin da ke cikin bindiga, sai in sauke ta in yi kallo. Kuma duk sabon kwali na kwanso, nakan kafa buhu a tsohuwar gona inda babu kowa a baya, in taka taku talatin, in harba ɗaya in ga yadda ƙwayoyin suka bazu. Asarar kwanso ɗaya ce, abokan farautata na yi mini tsiya a kanta.

Yaron ya tambaye ni ko ƙahon yana nan. Yana cikin jakar da nake ajiye lasisi, na ɗauko na ba shi ya riƙe. Ya jujjuya shi, ya ce bai zaci ƙarami ne haka ba.