Alhamdulillahi, an sallamo ƙanena

Jiya da la'asar aka sallamo shi daga Asibitin Ƙashi na Dala, bayan kwana 46. Ƙafar tana nan, ba a yanke ba. Da sanduna biyu yake takawa, ƙarafen ma sai nan gaba za a cire, amma dai a ɗakin Inna ya kwana.

Ga wanda bai sani ba, motar ɗaga kaya ce ta ji masa ciwo a ƙafa a wani sito a Sharaɗa. Sai a asibiti na san cewa motar ɗaga kaya da tayoyin baya take yin kwana, kuma ta fi ƙaramar mota nauyi nesa ba kusa ba. Bayanta ne ya juyo ya matse shi da bango yana ƙirga buhuna.

Daren farko aka ce a kawo jini leda biyu. Na fito ina ta kiran waya, sai ga wani yaro tsugune a bakin ƙofa, har yanzu da rigar aikinsa, ya ce a ɗibi nasa. Bayan an ɗiba na gane shi ne direban. Wallahi na so in shaƙe shi. Ya durƙusa gaban Inna yana kuka, ya kasa haɗa kalma biyu. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi ɗana, kai ma jarrabawarka ce." Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya zo dubiya, bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ya roƙe ni kada in ambace shi, to ga shi na ambata. Allah ya sanyaya maka zuciya.

Baba maigadi da ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, mai adaidaita da ya ƙi karɓar ko sisi, 'yan dako da suka yi karo-karo daga ɗan abin da suke samu a yini, likitoci da nas-nas, da limaminmu da ya bi mana takardun diyya na NSITF, hukumar da ke biyan ma'aikatan da suka ji ciwo a wurin aiki: Allah ya saka muku da Aljannar Firdausi, ya jiƙan mahaifanku, ya tsare ku da zuri'arku daga irin wannan rana.

'Yan uwan da ke nan cikin gari amma hanyar Dala ta yi musu nisa, mun ga saƙonninku na WhatsApp. Mun gode.

Masu zuwa dubiya, don Allah ku bari sai bayan la'asar, da safe ake wanke masa ciwon.