Daga Denver Zuwa Moab: Bencin da Ya Hana Inna Zama

A watan Agusta muka bar birnin Denver na Amurka da sassafe, ni da uwargida da mahaifiyata, muna jan tirelar kwana, irin ɗan ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota. A hannun wani na saye ta. Kafin mu tashi na duba tayoyi da birki da fitilu da ƙugiyar ja, na cika tankin ruwa. Wurin zama kaɗai ne ban duba ba, don a ido lafiyarsa lau: benci biyu suna fuskantar juna, tebur a tsakiya, da dare a sauke teburin a jera kushin ɗin su zama gado.

Mun bi babbar hanyar I-70 zuwa yamma. Hawan dutsen ya sa motar nishi, har muka shiga ramin Eisenhower, hanyar da aka huda ta cikin dutse, da ke sama da ƙafa 11,000 daga matakin teku, sannan muka fara gangara a hankali da ƙaramin giya don kada birki ya yi zafi. Duk muna cikin mota, domin ba a zama a tirela tana tafiya. Babu bel a cikinta, kuma jihohi da yawa a Amurka sun haramta hakan. Shi ya sa ba ka sanin halin bencin sai an yada zango.

Daren farko kusa da Glenwood Springs muka kwana. Inna ta zauna, ba ta yi minti ashirin ba ta miƙe, ta ce za ta sha iska. Na ɗauka gajiyar hanya ce.

A Moab, cikin jihar Utah, gaskiya ta fito. Da safe mun zaga gandun Arches, inda akwai duwatsu sama da 2,000 da ruwa da sanyi suka huda suka zama kamar baka, jajaye wur. Da la'asar hadari ya haɗu, irin ruwan ƙarshen bazara na yankin da ke cika kwazazzabai cikin ɗan lokaci. Awa uku muka yi a kulle. A nan na zuba wa Inna ido sosai. Takan gyara zama, ta tura hannu ta tallafi ƙugu, kushin ɗin ya zame gaba, ta ja shi baya. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa sosai.

Na ce, "Inna, bayan ne yake damun ku?"

Ta ce, "Babu komai, ɗan nan. Katakon ne kawai nake ji."

Uwargida ta kalle ni ta ce, "Maigida, tun jiya fa a tsaye take shan shayi."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na kawo tsohuwa nisan duniya don ta huta, ga shi wurin da za ta ajiye jikinta ya gagara. Na sa tafin hannu na danna kushin ɗin, nan take na ji katako. Da na ɗaga shi kuma sai ga ɗigo-ɗigon baƙin fumfuna a ƙasa, inda laima ke taruwa tsakanin soso da katako saboda iska ba ta shiga.

Washegari na kwance tirelar na bar ta a zango, na loda kushin huɗun a mota, na koma Grand Junction, tafiyar mil ɗari da 'yan kai, wurin wani dattijo mai gyaran kujeru. Da niyyar ƙara kauri na je. Inci huɗu ne sosona, ni kuwa ina son shida. Sai ya tambaye ni tazarar da ke tsakanin benci da ƙasan teburin. Na kira uwargida ta auna. Ya nuna mini cewa ƙarin inci biyu zai sa cinya ta gogi tebur, ya ɗaga mai zama sama, ƙafar Inna da dama ba ta kai ƙasa ta ƙara rataya. Rigunan kushin ɗin ma sai an ɗinka sababbi.

Ya zuge zif ya zaro sosona, ya miƙo mini shi tare da wani mai girmansa. Na ɗaga su. Nawa kamar babu komai a hannu. A nan na koyi abin da ya fi komai amfani a tafiyar: nauyin soso daban, taurinsa daban. Nauyi ana auna shi ne da fam (ma'aunin nauyi, kusan rabin kilo) nawa curi mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe ya kai, kuma shi ne ke faɗin daɗewar soson kafin ya mutu. Mai arha bai cika wuce fam ɗaya da rabi ba. Na kirki daga 1.8 yake farawa, mafi nagarta ya kai 2.5 ko fiye. Tauri kuwa wata lamba ce, ILD, wato ƙarfin da ake bukata a danne soso mai kaurin inci huɗu ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Mazauni yana son wajen 35 zuwa 50, majingini kuma ƙasa da haka. Soso mara nauyi yakan yi tauri ran da aka saye shi, bayan shekara biyu ya zama tabarma.

Na tambaye shi game da soson nan mai ɗaukar siffar jiki da ake yi wa katifu. Ya ce don kwanciya ya dace, amma a zama yana nutsewa har ƙasa, ga shi yana sandarewa da sanyi, yana saki da zafi. A tirelar da kan kwana kan dutse yau, gobe ta yini a hamada, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Muka tsaya kan inci uku na mai tauri a ƙasa, inci ɗaya na mai laushi a manne a sama, aka naɗe da siririyar audugar roba don rigar ta cika ta yi sumul. Da wuƙar lantarki ya yanka, ya bar ƙarin rabin inci a kan awon rigar don kada ta yi tamoji. Yadda ya sa shi a ciki ma ya burge ni: ya naɗe soson da leda, ya zuƙe iskar da injin shara har ya ƙanƙance, ya zura shi, sannan ya saki ya kumbura da kansa.

Majinginin ne ya fi ɗaukar mu lokaci. A miƙe yake cak kamar bango, alhali bayan mutum yana son ɗan kishingiɗa kaɗan. Ba za a iya fafe kushin ɗin baya ba, tunda su ne tsakiyar gado da dare, dole su kwanta daidai da sauran. Sai ya yanka mini wasu guntaye biyu daban, masu kauri a ƙasa, sirara a sama, a cusa su a baya da rana, a cire da dare. Ya ba ni shimfiɗar roba mai raga ta hana zamewa, ya ce in goge katakon in bar shi ya bushe sarai, in huda masa 'yan ramuka don iska. Ya ja mini kunne in fara leƙa ƙarƙashin bencin kafin in sa abin huji, kuma ya yi gaskiya, don famfon ruwa da wayoyi suna ƙarƙashin ɗaya.

A hanyar dawowa na yi tunanin tuge bencin gaba ɗaya in sa kujerun kishingiɗa, kamar yadda wasu ke yi. Na fasa. Gadon Inna zai tafi, ga kuma nauyi: ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka kan ƙugiyar ja, kuma kaya masu nauyi a inda bai dace ba kan sa ta riƙa rangaji a kan hanya.

Da yamma na harhaɗa komai. Uwargida ta kawo wani ɗan akwati ta sa wa Inna a ƙarƙashin ƙafa. Inna ta zauna, ta jingina, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Bayan kwana biyu muka gangara kudu ta hanyar 191, muka kama 163 zuwa Monument Valley a ƙasar mutanen Navajo. Na juya tirelar yadda tagar bencin za ta fuskanci manyan duwatsun. Inna ta zauna tun rana na da sauran tsayi, da kofin shayinta a kan tebur. Duwatsun suka yi ja, suka koma ruwan ƙasa, suka zama inuwa. Da uwargida ta zo sauke teburin don yin shimfiɗa, Inna ta ɗaga mata hannu ta ce, "Bar shi tukuna, 'yar nan, ban gama kallo ba."