Ranar da na fara canza shim

Shekara takwas ina gyaran moto a unguwar Zariya nan Maradi, kuma kusan duk aikina na 'yan kabu-kabu ne: ka buɗe murfi, ka sassauta noti, ka juya sukuru, supap ya daidaita, wato 'yar ƙofar da ke barin iska ta shiga injin ko hayaƙi ya fita. Sai ga wani bawan Allah da Suzuki DR-Z400, wai da safe sai an tura take tashi.

Da na buɗe kan injin, babu sukurun da za a juya. Kowane supap yana da ɗan kofin ƙarfe a kife, a ƙarƙashinsa kuma ɗan faifai mai faɗin milimita 9,48. Shi ne shim, masu Faransanci na ce masa pastiy. Kaurinsa ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin kofin da kam, sandar da ke juyawa tana danna supap.

Kuskurena na farko, na auna injin da sauran ɗumi. Tsohon maigidana ya taɓa shi da bayan hannu ya ce, "Yaro, bar ta ta kwana." Washegari na kai fistan can sama bisa alama, na zura ma'aunin tazara. Supap na shigar iska ana son milimita 0,10 zuwa 0,20, na fitar hayaƙi 0,20 zuwa 0,30. Ɗaya na hayaƙi ya ba ni 0,15. Ya matse ke nan. Ni da nake zaton supap mai ƙara shi ne mai ciwo, ashe wanda ya yi shiru ya fi haɗari: yana nutsewa cikin mazauninsa, ba ya rufuwa sosai, har ya ƙone.

Sai na cire kam biyun, na ɗaure sarƙar da ke juya su da waya, na cusa tsumma a raminta, don abin da ya faɗa can sai an sha wahala. Shim ɗin ya manne cikin kofi saboda mai, da maganaɗisu na ciro shi. Lambarsa ta goge, awo ya nuna 2,85. Ina neman tazara ta tashi daga 0,15 zuwa 0,25, don haka shim mai kaurin 2,75 nake buƙata.

Na zaga Babbar Kasuwa ban samu ba, sai daga Kano aka aiko, kwana shida. Kwanakin nan kan injin na naɗe cikin leda saboda ƙurar hunturu, kowane kofi a gurbinsa kan kwali da na zana, da lambarsa.

Da na harhaɗa, na juya injin da hannu sau biyu, na sake aunawa: 0,25. Da asuba taɓawa ɗaya ta kama.