Ta inda ta haihu muka bi

A watan Afrilun 2020, da aka kulle Kano saboda korona, asibitinmu ya dakatar da duk tiyatar da za ta iya jira. Ta Hajiya ba ta cikinsu. Shekararta 47, haihuwa bakwai, ƙarin mahaifa ya mai da al'adarta ambaliya. Tafin hannunta fari fat. Mun ba ta maganin tsai da jini, mun ƙara mata leda biyu, abu ya ƙi. Cire mahaifar ya zama dole, saura ta ina za a bi.

A da, da na ga irin wannan sai hankalina ya tafi kan tiyatar kyamara, wadda ake yi ta 'yan ƙananan huji. To amma ita sai an sa mutum barci an zura masa bututu a maƙogwaro, kuma a nan ne ƙwayar cutar ta fi fantsamuwa a fuskar mai ba da maganin barci. Ga iskar kabon da ake hura ciki da ita, ga hayaƙin ƙona jijiyoyi. Tun watan Maris kwalejojin likitocin tiyata na Birtaniya suka ja kunne a kai. Mu kuwa ba mu da matatar hayaƙi, takunkumin N95 ma ƙidaya shi muke yi.

Tsaga ciki zai yiwu da allurar baya, wadda ke kashe ƙasan jiki ba sai an sa mutum barci ba, sai dai ta kwana huɗu ko biyar a ɗakin da ba mu san mai ɗauke da cutar ba.

Na sake duba ta a tsanake. Mahaifar ba ta wuce girman cikin wata uku ba, tana motsi, kuma ba a taɓa yi mata aiki ba.

"Likita, yanka ni za a yi?"

"A'a, Hajiya. Ta inda kika haihu za mu bi."

Aka yi mata allurar baya. Idonta biyu, takunkumi a fuska, ina jin salatinta ƙasa-ƙasa. Sai da na raba mahaifar gida biyu kafin ta fito, kuma na daɗe fiye da kima, don hannuna ya kwana biyu bai bi wannan hanya ba. Abin ya dame ni ƙwarai: na bar kyamara ta raba ni da aikin da malamaina suka koya mini. Kwananta biyu ta koma gida.

Bayan mako guda wata ta zo, ƙarinta ya haura cibiya, ta haifi 'ya'ya biyu ta tiyata. Ita kam ban yi gardama da jikinta ba, na tsaga, da allurar baya.