Ƙarin Aiki a Kwangilar Gwamnati: Inda Kuɗi Ke Maƙalewa

Da yawa daga 'yan kwangilarmu a Legas, a ƙarin aiki ne kuɗinsu ke salwanta. Ana gina magudanar ruwa a Agege, injiniyan ma'aikata ya zo ya ce a ƙara zurfi, ƙasar ta cika laka. Ɗan kwangila ya ce to, ya ƙara siminti da rodi. Ranar biya sai a ce babu wannan a takardar ƙiyasi, injiniyan kuwa an yi masa canjin wurin aiki.

Kafin a taɓa ƙarin, a karɓi umarni a rubuce da sa hannu, a auna aikin tare, a daidaita farashi bisa na asalin kwangila. A ɗauki hotuna masu kwanan wata kafin a zuba kankare, don abin da ƙasa ta rufe ba ya aunuwa.

Tashin farashi kuma daban ne. Bayan cire tallafin mai a 2023 kaya sun yi tashin gwauron zabi, amma wanda kwangilarsa ba ta da sharaɗin daidaita farashi, sai dai roƙo. A duba wannan tun kafin sa hannu.

Neman diyya yana da wa'adi. A kwangilolin tsarin FIDIC, wato samfurin yarjejeniyar gine-gine na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, kwana 28 ne a sanar da injiniya. Ya wuce, haƙƙi ya faɗi. Dokar sayayya ta tarayya ta 2007 ta ɗauki biyan da ya haura kwana 60 a matsayin jinkiri. Aikin jihar Legas kuwa da dokarsa daban.