Daga Akihabara zuwa gangaren Keyaki: bin sawun wani bidiyon waƙa a Tokiyo

A ƙarshen watan Maris na taso daga Kano. Jirgin Habasha ya kai mu Addis Ababa, daga nan aka yada zango a Seoul, sannan muka dira Narita. Agogon Japan yana gaban namu da awa 8, don haka mai niyyar yawon dare a Tokiyo gara ya bai wa jikinsa kwana biyu ya saba tukuna. Jirgin ƙasa na Narita Express ya sauke ni a Shibuya cikin kusan minti 80.

Bidiyo ɗaya ne ya kawo ni, na waƙar da ƙungiyar 'yan mata ta Keyakizaka46 ta fara fitowa da ita ranar 6 ga Afrilu, 2016, mai suna Silent Majority. So nake in tsaya a ƙasar da suka taka, in gane dalilin zaɓen ta. Japanawa suna kiran irin wannan yawo seichi junrei. Asalin kalmar ta ziyarar wuraren bauta ce, amma a bakin matasa yanzu ba ta wuce zuwa ganin inda aka ɗauki fim ko waƙa ba.

Ban fara da Shibuya ba, domin ba a gane abin da wannan bidiyo ya bijire wa sai an san abin da aka saba. Na hau layin Yamanote, wanda ke kewaye tsakiyar birnin da tasha 30, na sauka Akihabara bayan kusan rabin awa. A hawa na 8 na kantin Don Quijote ɗan zauren wasan ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta AKB48 yake, wanda furodusa Yasushi Akimoto, da shi ne kuma furodusan Keyakizaka46, ya buɗe ranar 8 ga Disamba, 2005. Mutum 250 yake ci, kuma akwai ginshiƙai biyu a gaban dandamali da ke tare wa wasu 'yan kallo gani. Tikiti ta ƙuri'a ake samu a intanet tun kafin ranar, wanda ya zo ba shiri a bakin ƙofa zai tsaya. Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi a irin wannan dandamali yana ƙasa ne, a bakinsa: lambobi. Sifili a tsakiya cif, sai 1, 2, 3 suna tafiya dama da hagu. Wadda ke tsaye a kan sifili ita ce senta, kuma ita ce jarumar labarin ko da bidiyon ba shi da magana ko ɗaya. Wace ke bayanta, wace ke gefenta, wace aka mayar layi na uku, duk masoya suna karanta su kamar yadda ake karanta jerin mahaya a hawan sallah. Da ganin inda mutum yake an san matsayinsa.

A shagunan faifai na unguwar na yi ta juya bangon faya-fayai, kusan duk harshe ɗaya suke yi. Kayan makaranta, murmushi, rana tsaka, furen sakura, wato na bishiyar ceri. Dalilin furen a kalanda yake. Shekarar karatu a Japan tana ƙarewa a Maris ta fara a Afrilu, daidai lokacin da sakura ke buɗewa, kuma furen ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yake zubewa. Saboda haka fure a reshe haɗuwa ce, fure a iska rabuwa ce. Hatta barin ƙungiya sotsugyo ake ce masa, wato kammala makaranta. Akwai wasu alamomin da ke dawowa kullum: akwatin ajiye takalma a ƙofar makaranta inda ake saka wasiƙa, rufin bene inda ake keɓewa a faɗi abin da ke rai, maɓalli na biyu na rigar ɗalibi da yake bai wa wadda yake so ranar yaye su domin shi ne mafi kusa da zuciya, da mashigar layin dogo inda sanda ke sauka ta raba mutum biyu. Wahalar masu ɗauka ita ce waƙar da za ta fito a Maris tun cikin sanyi ake ɗaukar bidiyonta, lokacin rassa tsirara suke. Sai a koma ga furen roba da fanka, ko a ƙara shi da kwamfuta, ko a nemi nau'in Kawazu da ke fure tun Fabrairu. Na Kawazu ya fi duhun ruwan hoda, na Somei Yoshino da ya cika Tokiyo kuwa kusan fari ne, ido mai lura yana bambancewa.

Da wannan a kaina na koma Shibuya bayan isha'i. Na bi ta mararrabar nan da ke gaban tasha, wadda ake tsayar da motoci ta ko'ina lokaci guda mutane su kwararo daga kowace kusurwa. Da irin wannan cunkoso waƙar ta buɗe, tana tambayar matashi ina ya dosa a cikin taron da ke tura shi. Amma ba nan aka yi rawar ba. Sai ka yi kudu, ka haye babban titi mai lamba 246 ta gadar ƙafa, babbar hanyar sama tana ruri a kanka, ka iso wani dogon gini mai hawa 35 da ake kira Shibuya Stream. A nan ne.

Kafin ginin, nan tashar layin Toyoko take. A Maris na 2013 aka mayar da layin ƙarƙashin ƙasa, aka rushe tsohuwar tashar, wurin ya zama filin gini. A cikin wannan fili, tsakanin injinan ɗaga kaya da ƙarafa, aka jera 'yan mata 20 da daddare. An buɗe sabon ginin a Satumba na 2018, ma'ana filin da ke cikin bidiyon ya shuɗe, ba wanda zai sake ganinsa. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake. Darakta Kazuma Ikeda ya ɗauki sabuwar ƙungiya, wadda ba a san me za ta zama ba, ya tsayar da ita a wurin da tsohon abu ya rushe sabo bai tashi ba. Ba a buƙaci ko jimla ɗaya ta bayani ba, ƙasar da suka taka ta faɗi komai.

Na hau hawa na biyu, inda hanyar ƙafa ta ratsa cikin ginin. A daɓen akwai ƙarafan layin dogo guda biyu da aka binne daidai da ƙasa, suna bin inda tsohon layin ya bi. Mutane suna ta taka su, ba mai duban ƙasa. Na durƙusa na taɓa, ƙarfen ya yi sanyi ƙalau, samansa ya yi sumul saboda tafin takalma. A kan gadar da ta haɗa ginin da tasha kuma an maimaita siffar rufin tsohuwar tashar, mai lanƙwasa-lanƙwasa. Waɗannan biyun su ne madogarar mai son gano kusurwar kyamara. Ka sa layin dogo na kamfanin JR a yamma, ƙoramar Shibuya a gabas, ka buɗe bidiyon a waya ka tsayar da shi a inda aka nuno fili gaba ɗaya, sannan ka nemi gine-ginen nesa da ba su canja ba. Kada ka dogara da na kusa, yawancinsu sababbi ne.

Jiragen da ke wucewa a bayan masu rawa su ma suna da aikinsu. Cike suke da ma'aikata masu komawa gida, wato taron nan da waƙar ke magana a kai, suna tafiya a kan layin da aka shimfiɗa musu. Kuma agogo ne. Jiragen Tokiyo suna tsayawa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, ba sa tashi sai wajen huɗu da rabi na asuba, don haka duk inda ka ga jirgin fasinja da fitilunsa a bayan hoto, ka san ba a tsakar wannan tazarar aka ɗauka ba.

Rawar kuwa Takahiro Ueno ne ya tsara ta, kuma wurin da kowa ke tunawa shi ne inda 'yan matan ke darewa gida biyu, senta ta ratso ta tsakiyarsu ita kaɗai. Masoya suna kwatanta wurin da tsagewar teku ga Annabi Musa, alaihis salam. Yurina Hirate ce a kan sifili, shekararta 14 a lokacin. Ba murmushi a fuskarta, ba a fuskar sauran. Wanda ya wuni yana kallon bangon faya-fayan Akihabara ne zai san girman wannan. A sana'ar da murmushi ne jari, an ce wa yara 20 su ɗaure fuska su kalli kyamara ido cikin ido.

Sai tufafin. Riguna ne masu duhu iri ɗaya, ɗinkin soja, wuya a tsaye. Masu suka sun ce akwai tufka da warwara: ta yaya za a ce wa matashi kada ya bi taro, alhali masu faɗar suna sanye da kaya iri ɗaya, suna ɗaga hannu lokaci ɗaya, baitukan kuma wani babba ne ya rubuta musu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Sai dai ina ganin da gangan aka yi. In da kowace ta sa kayan da ta ga dama, fitowar guda ɗaya daga layi ba za ta zama labari ba. Sai an ga sahu ya miƙe sannan ake ganin wanda ya fita daga cikinsa. Lokacin fitowar waƙar ma ya taimaka. Makon farko na Afrilu ne sababbin ma'aikata ke cika jirage da baƙaƙen kwat iri ɗaya, kuma a watan Yuni na wannan shekarar dokar da ta sauko da shekarun zaɓe daga 20 zuwa 18 ta fara aiki. Sunan waƙar, wanda ke nufin rinjayen masu shiru, shugaban Amurka Nixon ne ya yayata shi a jawabinsa na 1969. A makon farko an sayar da faifai sama da 260,000.

Amma kayan soja wuƙa ce mai baki biyu, kuma ta yanki masu ita. A Oktoba na 2016, a wani wasa a Yokohama, ƙungiyar ta fito da baƙaƙen alkyabbu da huluna masu tambarin tsuntsu da suka yi kama da na sojojin Nazi. Cibiyar Simon Wiesenthal, wata ƙungiyar Yahudawa mai yaƙi da aƙidar Nazi, ta yi tir, Sony Music da Akimoto suka ba da haƙuri. Kuskuren a fili yake: an ɗauki siffa don kyanta a ido, ba a bincika tarihin da take ɗauke da shi ba. Yaran ba su suka zaɓi kayan ba, amma fuskokinsu ne suka zaga duniya, abin da har yanzu yake ci mini rai.

Ga mai son ɗaukar nasa hoton a wurin, abu biyu ke ɓata aiki. Na farko fitilu. Wutar Tokiyo tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, irin tamu, yammacin Japan kuwa sau 60. Wayar da aka bari a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa takan nuna wasu fitilun suna ƙyaftawa, ko ratsi-ratsi na gudu a allo. Maganinsa a mayar da ita 25 ko 50, saurin rufe ido kuma 1/50 ko 1/100. Na biyu izini. Harabar ginin ta masu ita ce, kafa ƙafar kyamara yana jawo mai gadi, ɗaukar fim a kan titi kuma sai da takardar 'yan sanda. Waya a hannu, a gefe, ba tare da tare hanya ba, ita ce hanyar da ba ta da rigima.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Tokyo Camii, wanda Turkawa suka sake ginawa a 2000, 'yar tafiya kaɗan daga tashar Yoyogi-Uehara. Daga wannan tasha layin Chiyoda ya kai ni Nogizaka, tasha ta huɗu. Zaka ko saka a Japananci gangare ne. Ƙungiyar farko a zuri'ar su Keyakizaka46, wato Nogizaka46 ta 2011, ta samo sunanta daga ginin Sony Music da ke unguwar a lokacin, kuma duk ƙannenta sunan gangare suke ɗauka. Hikimar a bayyane take, wanda ke kan gangare hawa yake yi, bai kai ba tukuna.

Tafiyar kusan minti 15 a ƙafa ta kai ni Roppongi Hills, inda gangaren Keyaki yake. Tsawonsa kusan mita 400 ne, gidan talabijin na TV Asahi yana ƙasansa, hasumiyar Tokiyo tana leƙowa daga can gaba. Keyaki itace ne dogo mai ƙarfi, rassansa suna bajewa sama kamar tsintsiyar da aka kifa, katakonsa ake yin ginshiƙan ɗakunan bauta da manyan ganguna. Ba a zuwa kallon furensa. Ranar da na je ganye bai gama tsirowa ba, rassan toka-toka ne. Ya dace da ƙungiyar da ta ƙi murmushi, launinta kuma kore.

Hirate ta bar ƙungiyar a Janairu na 2020. A Oktoba na wannan shekarar aka yi wasan ƙarshe da tsohon suna, aka koma Sakurazaka46, launi ya tashi daga kore ya koma fari. Gangaren Sakura ba nisa, yana bayan na Keyaki, kusan a jere suke, lungu ɗaya ke haɗa su. Na bi lungun na ɓullo cikin wani titi shiru na gidajen kwana, itatuwan sakura kusan 75 a gefensa, duk sun buɗe. Iska ta taso daga ƙasan gangaren, furen ya yi ta zuba a kan motocin da aka ajiye. Wasu 'yan mata biyu da kayan makaranta suna tsaye a gindin wata bishiya, ɗaya riƙe da kwalin ajiye takardar shaida mai siffar gora, ɗayar tana ja da baya da waya a hannu, tana jiran iskar ta sake tasowa kafin ta danna.