Ƙaramin jet ɗin kafireto da ya saukar da Harrison Ford

Yau wani ya sake ɗora hoton jirgin Harrison Ford, ɗan wasan fim ɗin Amurka, a Facebook, mai fukafukai ruwan ɗorawa, kwance a filin wasan golf na Penmar a Kalifoniya, mutane suna ta cewa tsufan jirgi ne ya kayar da shi. Ba tsufa ba ne. Jirgin Ryan PT-22 ne ƙirar 1942, injinsa mai silinda 5. Ranar 5 ga Maris 2015, Ford yana da shekara 72, ya tashi daga filin jirgin Santa Monica, bai yi nisa ba injin ya mutu. Masu bincike suka buɗe kafireto suka tarar jet ɗinsa, wato ɗan ƙarfe mai huda da ke auna man da ke shiga inji, ya kwance daga mazauninsa ya karkace. Mai ya yi wa injin yawa, iska ta yi kaɗan, ya shaƙe. Tun 1998 aka yi wa kafireton gyara, kuma littafin kula da shi bai ce a riƙa duba ƙarfin ɗaurin jet ɗin ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bel ɗin kafaɗa. An ɗaure shi a bayan kujera ba tare da ƙarfafa wurin ba, da jirgin ya taɓa kan bishiya ya bugi ƙasa sai maɗaurin ya fizge. Ford ya karye a ƙugu da idon sawu, Allah ya yi da sauran kwana. Har yanzu ina tunanin shekara 17 ɗin da jet ɗin ya yi ba wanda ya sa masa hannu.